Daga Majistare zuwa Kotun Ƙoli: yadda shari'a ke tafiya a Najeriya da abin da ke kan ɗan ƙasa

A ranar 3 ga Maris, 2023, lokacin da ƙarancin takardun kuɗi ya jefa kasuwanni da gidaje cikin ƙunci, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 za su ci gaba da aiki har zuwa 31 ga Disamba na wannan shekara. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara shigar da ƙarar, daga baya wasu jihohi suka bi sahu. Ƙarar ba ta ratsa ta kowace ƙaramar kotu ba, domin sashe na 232 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Kotun Ƙoli ikon sauraron rikici tsakanin Gwamnatin Tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, kai tsaye. Ta wannan ƙofa ce kuma aka samu hukuncin 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya.

Irin waɗannan shari'o'i su ne ke cika kafafen yaɗa labarai, amma mafi yawan 'yan ƙasa ba a nan suke haɗuwa da kotu ba. Suna haɗuwa da ita ne a kan gado, ko iyakar gona, ko kuɗin haya, ko bashi, ko ranar da 'yan sanda suka kama wani nasu. A irin wannan rana, sanin kotun da ta dace da lamarin da kuma abin da doka ta tanada shi ke raba wanda zai sami haƙƙinsa da wanda zai yi shekaru yana zarya.

Matakan kotuna da hurumin kowacce

Sashe na 6 na kundin ya damƙa ikon shari'a a hannun kotuna, ya kuma lissafa manyansu da suna. Ƙananan kuwa dokokin jihohi ne ke kafa su, shi ya sa sunayensu da iyakar ikonsu ke bambanta daga jiha zuwa jiha. A wannan rukuni akwai Kotun Majistare, da kotunan yanki waɗanda suka maye gurbin kotunan En'e a Arewa a ƙarshen shekarun 1960, da kotunan Shari'ar Musulunci a jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da Shari'a bayan da Zamfara ta fara a 1999, sai kotunan gargajiya waɗanda suka fi yawa a Kudu da wasu jihohin tsakiyar ƙasar. A nan ne akasarin shari'o'in ƙasar ke farawa, da yawansu kuma a nan suke ƙarewa.

Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, wadda hurumin ta ya fi na kowacce faɗi. Ita ke sauraron manyan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami, da rikicin filayen da ke da takardar mallaka ta gwamna, ita kuma ke karɓar ɗaukaka ƙara daga Majistare. Takwararta, Babbar Kotun Tarayya, an kafa ta a 1973 a matsayin kotun harkokin kuɗin shiga, aka sauya mata suna a 1979. Sashe na 251 ya keɓe mata harkokin kwastam, harajin kamfanoni, sufurin jiragen sama da na ruwa, ma'adanai, haƙƙin mallakar fasaha, zama ɗan ƙasa, miyagun ƙwayoyi, cin amanar ƙasa, da ƙalubalantar matakan hukumomin tarayya. Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ko batun fansho da yajin aiki, na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, wadda gyaran kundi na 2010 ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci tana buƙatar ƙarin bayani, domin ana yawan yi mata gurguwar fahimta. Kadi uku ne ke zama a kan kowace ƙara, kuma sashe na 277 ya tsara hurumin ta a kan abin da ya shafi rayuwar iyali ta Musulmi: aure da saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Kotun Ƙoli ta sha yanke cewa rikicin mallakar fili wanda bai taso daga gado ko kyauta ko makamancinsu ba, ba hurumin wannan kotu ba ne, ko da kuwa masu shari'ar duka Musulmi ne. Wanda ya kai irin wannan ƙara can yana iya yin nasara, amma a sama a rushe komai, a ce a koma a faro daga tushe.

Wannan shi ne nauyin kalmar hurumi. Idan kotu ba ta da hurumi, duk abin da ta yi ya tashi a banza komai kyawunsa, kuma ana iya tayar da batun a kowane mataki, har a gaban Kotun Ƙoli. Mutane kan ji haushi idan lauyoyi suka shafe watanni suna jayayya a kan hurumi ba a taɓa ainihin magana ba, kuma gaskiya ne wasu na fakewa da shi don jan lokaci. Sai dai ƙa'idar ita kanta kariya ce, domin ita ke hana mai ƙarfi zaɓar kotun da ya ga dama ya ja abokin shari'arsa can.

Daga duk waɗannan manyan kotuna ana wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, take kuma da rassa a sassan ƙasar, ciki har da Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Yola, Legas, Inugu da Fatakwal. Alƙalai aƙalla uku ke zama. Kundin ya wajabta a samu aƙalla uku daga cikin alƙalanta masana Shari'ar Musulunci, da aƙalla uku masana dokokin gargajiya. Ƙarshen tafiya ita ce Kotun Ƙoli a Abuja, mai Alƙalin Alƙalan Najeriya da alƙalan da ba su wuce 21 ba. Biyar ke zama a shari'a ta yau da kullum, bakwai idan ana fassara kundin tsarin mulki ko ana rikici tsakanin gwamnatoci. Ta zama kotun ƙarshe ne a 1963, da ƙasar ta zama jamhuriya aka daina kai ƙara Landan. Abin da ta yanke ya zama doka ga duk kotunan da ke ƙasa da ita, ko alƙalin ƙasa ya gamsu ko bai gamsu ba.

Shari'ar zaɓe tana da nata agogo. Mai ƙorafi yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako, kotun zaɓe tana da kwana 180, kowane matakin ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Ƙarar zaɓen shugaban ƙasa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa. Ta gwamna tana kaiwa Kotun Ƙoli, kamar yadda aka gani a shari'ar Kano, inda kotun zaɓe da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka soke zaɓen Gwamna Abba Kabir Yusuf, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da shi a ranar 12 ga Janairu, 2024. Ta 'yan majalisar tarayya da na jiha kuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, babu gaba.

Wane ne alƙali, wa ke tsawata masa

Ba a zaɓen alƙali a Najeriya, naɗa shi ake yi. Sai lauya ya shekara aƙalla 10 da samun izinin aiki kafin ya cancanci Babbar Kotu, 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga Kotun Ƙoli. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, ita ke tantancewa ta miƙa suna, shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa. Alƙalan Kotun Ƙoli da shugabannin kotunan tarayya sai Majalisar Dattawa ta amince da su, Babban Jojin jiha kuma sai Majalisar Dokokin jihar ta amince. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalai, daga 2012 zuwa 2014, ta biyu kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun da ta hau a 2024. Majistare da alƙalan kotunan yanki da na Shari'a, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce ke ɗaukar su, ita ke kuma hukunta su.

Kundin ya gina wa alƙali katanga don kada ya ji tsoron wanda ya naɗa shi. Ba a rage masa albashi bayan naɗi. Ba a tsige shugaban kotu sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar da abin ya shafa, sauran alƙalai kuma sai da shawarar NJC. Tun gyaran da aka sanya wa hannu a Yunin 2023, duk alƙalan manyan kotuna na iya aiki har shekara 70. Wanda ya bar kujera kuma ba zai sake tsayawa gaban kotu a matsayin lauya ba. Inda katangar ta fi rauni shi ne kuɗi, musamman a jihohi, inda aka daɗe gina kotu da sayen motar alƙali na jiran sa hannun gwamna. A kan haka ne ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta rufe kotunan ƙasar fiye da wata biyu daga Afrilun 2021, kafin gyaran kundi na 2023 ya fayyace cin gashin kan ɓangaren shari'a na jihohi ta fuskar kuɗi.

Hausawa kan ce shari'a saɓanin hankali, kuma yawancin abin da ke jawo wannan magana yana da bayani. Alƙalin Babbar Kotu ba mai bincike ba ne. Ba ya fita unguwa ya tambayi maƙwabta, ba ya hukunci da abin da ya ji a rediyo ko ya gani a Facebook. Abin da ɓangarorin biyu suka ajiye a gabansa, bisa Dokar Shaida ta 2011, shi kaɗai zai auna. A shari'ar laifi dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da tuhuma ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, in kuwa kokwanto ya rage, wanda ake tuhuma ke cin moriyarsa. A shari'ar haƙƙi tsakanin mutane kuwa, wanda hujjarsa ta rinjaya shi ke nasara. Don haka mutum na iya zama sananne da laifi a bakin gari, kotu ta sallame shi saboda ba wanda ya zo ya faɗa a gabanta. A kotunan Shari'a, waɗanda ke bin mazhabar Malikiyya, hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musanta, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran abin faɗa. Tsallake wannan mataki kaɗai ya isa a soke hukunci a sama.

Daga kamu zuwa hukunci

Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan wa'adi bai shafe shi ba. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma sashe na 46 ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, ta toshe wasu tsofaffin ɗabi'u. Ta haramta kama uba ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Ta haramta kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, domin wannan aikin kotu ne ba na caji ofis ba. Ta ce ba za a hana mace tsaya wa wani beli don tana mace ba. Ta kuma ɗora wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba waɗanda ke tsare. Belin 'yan sanda kyauta ne. Kuɗin da kotu ke ambatawa a beli ma, galibi ba biya ake yi ba, alkawari ne na abin da mai tsayawa zai yi asara idan wanda ya tsaya wa ya gudu.

A gaban kotu ana karanta wa mutum tuhuma, a tambaye shi ko ya amsa. Idan ba ya jin harshen kotu, sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta, abin da ke da muhimmanci ganin cewa manyan kotuna da Turanci suke aiki. Masu gabatar da ƙara su kawo shaidunsu, shi ko lauyansa ya yi musu tambayoyi, sannan ya kare kansa. Ba a tilasta masa ba da shaida a kan kansa, kuma furucin da aka tatsa ta hanyar azabtarwa ba ya karɓuwa. Bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, sashe na 294 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci a rubuce, ta kuma ba ɓangarorin kwafi cikin kwana bakwai.

Inda tsarin ya fi cijewa shi ne tsakanin Majistare da Babbar Kotu. Akan kai wanda ake zargi da babban laifi gaban majistaren da ba shi da hurumin yi masa shari'a, a tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Idan fayil ya kwanta, mutum ya kwanta tare da shi. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba tukuna. Dokar 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko ga kwana 14, ta kuma iyakance sabunta shi, amma dokar ba ta aiki da kanta idan babu dangi ko lauya da ke bibiya.

Rabon ɗan ƙasa

A Amurka da Ingila akan zaɓo talakawa su zauna su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. Najeriya ba ta bin wannan tsari a yau, alƙali ne ke auna shaida ya kuma fassara doka. Duk da haka aikin nasa ya dogara da mutanen gari fiye da yadda ake zato, kuma babbar hanyar ita ce shaida. Shari'o'i da dama na rushewa ne don wanda ya gani da ido ya ƙi zuwa, ko don tsoro, ko don gudun ɓacin zumunci, ko don gajiya da ɗage zama. Sammacin shaida umarnin kotu ne, ƙin amsa shi na iya jawo a ba da takardar kamu. Shaidar zur a gaban kotu kuwa laifi ce da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 14, a dokar laifuka ta Arewa da ta Kudu baki ɗaya.

Tsayawa beli ma nauyi ne da ake ɗauka da wasa. Wanda ya sa hannu ya yi wa kotu alkawarin kawo mutumin duk ranar zama. Idan ya ga alamun gudu, doka ta ba shi damar komawa kotu ya janye tun kafin abin ya faru.

Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai a lamurra ƙalilan kamar shari'ar ƙananan yara ko abin da ya shafi tsaron ƙasa. Mutum na iya shiga ya zauna ya saurara ba tare da neman izini ba, muddin ya kiyaye ladabin wurin. Ɗaukar hoto ko murya ba da izini ba na iya zama raina kotu. Sukar hukunci da hujja ba laifi ba ne, ƙin bin sa ne laifi, kuma sashe na 287 ya ɗora wa hukumomi da mutane duka aiwatar da hukuncin kotu. Wanda ya yi nasara shi ma ba ya zartar da hukunci da hannunsa. Mai gidan da kotu ta ba gaskiya ba zai cire rufi ko ya watsar da kayan ɗan haya ba, ma'aikatan kotu ne ke zuwa da takarda.

Mafi munin ɗaukar doka a hannu shi ne hukuncin gungun jama'a. Ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a 2012, da matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025 suna hanyarsu ta zuwa Kano, babu ɗayansu da aka ba damar buɗe baki. A shari'ar Aluu, Babbar Kotun Jihar Ribas ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a 2017. Doka ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma iyakarsa ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba.

Rashin kuɗin lauya bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi don marasa ƙarfi, haka ma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata. Kotunan ƙananan basussuka, da Legas ta fara a 2018 kan abin da bai wuce Naira miliyan 5 ba da burin kammalawa cikin kwana 60, Kano da wasu jihohi suka bi, an tsara su ne yadda ɗan kasuwa zai iya tsayawa da kansa. Akwai kuma cibiyoyin sulhu da ke haɗe da manyan kotuna a Legas da Abuja da Kano, inda yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu ke zama daidai da hukunci.

Wanda bai gamsu da abin da ya faru a kotu ba yana da hanya biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Idan alƙali ya nemi cin hanci, ko ya gana da ɓangare ɗaya a ɓoye, ko ya danne fayil, ƙorafi ake rubutawa: ga NJC idan alƙalin babbar kotu ne, da cikakken suna da takardar rantsuwa, a ƙa'ida cikin wata shida, ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha idan na ƙaramar kotu ne. Waɗannan hukumomi na iya gargaɗi ko dakatarwa ko ba da shawarar kora, amma ba sa sauya hukunci. Idan kuwa hukuncin ne ake ganin an yi kuskure a cikinsa, ɗaukaka ƙara ce magani, ita kuma tana da wa'adi. Daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wata uku ne a shari'ar haƙƙi, kwana 90 a shari'ar laifi, kwana 14 kacal idan ƙaramin umarni ne da aka bayar ana tsakiyar shari'a. Wanda wa'adi ya wuce masa sai ya roƙi ƙarin lokaci, ya kuma kawo dalilin da zai gamsar da kotu a kan jinkirin. Shigar da ɗaukaka ƙara kuma ba ya dakatar da zartar da hukuncin farko da kansa, sai an nemi umarnin dakatarwa daban.